Jirgin da Gawa ta Tuƙo

Tsofaffin jiragen lantarkin nan da ke kwasar ma'aikata daga garuruwanmu zuwa bakin Buenos Aires sun girmi rabin masu hawansu. Kujeru duk faci, ƙofa kuwa sai an taimaka mata da ƙafa. Amma ba su taɓa ba kowa tsoro ba, sai safiyar da jirgin farko ya iso tashar ƙarshe, ya tsaya daidai, jama'a suka sauka, direba bai fito ba.

Insifekta Ubaldo Ferreyra ya tarar da shi kwance a ɗakin tuƙi. Don Evaristo ne, dattijon direban jirgin, ƙeyarsa a fashe.

Likita ya taɓa shi, ya miƙe. "Wannan ya cika tun kafin jirgin ya baro gida."

"Likita, jirgin nan ya tsaya a kowace tasha."

"Ni gawa na karanta, ban karanta jirgi ba."

Ma'aikata sun yi cirko-cirko a waje, ana ta raɗa cewa mamacin ne ya ƙarasa aikinsa. Ferreyra ya danna mariƙin tuƙi, ya saki, ya ji ya dawo da ƙarfi. Irin mariƙin da in hannu ya bar shi, jirgi ya ja birki da kansa. Hannu mai rai ne ya riƙe shi, wannan babu shakka.

Kafin azahar manya sun sa an tsare Zulema, kwandastar jirgin, don a saninsu ita kaɗai ce ke da makulli na biyu na ɗakin tuƙi. Ferreyra ya same ta a caji ofis, ido ya kumbura.

"Kin iya tuƙi?"

"Ko keke ban iya ba, yallaɓai. Ina can taragon baya, ni da ƙararrawata."

"Me kika ji a hanya?"

Ta dubi ƙasa. "Ban ji komai ba."

Ya san ƙarya take, kuma ya san in bai samo mai hannun ba, a kanta za a rufe fayil.

Ya bi layin a mota, tasha bayan tasha. A Mashigar Majema, inda titi ya tsallaka dogo, ya tarar da Doña Filomena tana suyar fanke.

"Zauna, ɗana, ka rame kamar ba a biyan 'yan sanda," in ji ta. "Jirgin safe kake tambaya? Ya yi hon a nan. Hon mai tsawo, har mai ya fantsamo mini."

"Ai jirgi yakan yi hon a mashiga, Mama."

"Ba irin wannan ba. Kai ba ɗan layi ba ne." Ta rage wuta, ta rage murya. "Duk direban da jirginsa ya taɓa take mutum, in ya zo wurin sai ya ja hon mai tsawo, ya gaishe shi. Kowa da mamacinsa, ba a gaishe da na wani. Na Evaristo yana can gadar ƙarfe, wani mashayi. Ka je ka tambaya, yau gada shiru."

"Na nan fa?"

"Yarinya ce 'yar makaranta, mai jar riga. Tun da aka sauke Nicanor, direban da ya take ta, daga tuƙi ba wanda ya ƙara gaishe ta. Sai yau."

Ferreyra ya ajiye fanken bai gama ba. Yanzu ya gane abin da Zulema ta ji, da abin da ya rufe mata baki. Ko tsoron fatalwa ne, ko tausayin Nicanor.

Nicanor yana garejin jirage, yana sharar tarago. Dogo ne, ya ranƙwafa. Masu shara irinsa duk suna da ƙaramin makulli na ƙofar gefen ɗakin tuƙi.

"Ina kake da safe?"

"Nan, ranka ya daɗe. Ni da tsintsiya, matata ta biyu."

"Yaushe rabonka da mariƙi?"

"Na manta yadda yake."

"To wa ya gaishe da yarinyar?"

Tsintsiyar ta tsaya. Can Nicanor ya zauna a kujerar fasinja, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Tana tsayawa a bakin mashigar," ya ce. "In na wuce a taragon baya ina ganinta, tana duban ɗakin tuƙi, tana jira. Kwanan nan ta fara biyo ni gida. Na roƙi Evaristo, na ce ɗan'uwa, ja mata hon sau ɗaya kawai, saboda Allah. Ya yi dariya, ya ce nasa ya ishe shi, in je in yi mata hon da tsintsiya. Na ture shi. Turewa ce kawai, ƙarfen ne ya same shi."

"Sai ka tuƙa jirgi cike da mutane, gawa a ƙafarka."

"Ƙararrawar Zulema ce ta kaɗa, alamar jirgi ya tashi. Hannuna ya tafi da kansa." Ya ɗago. "Ita ba ta san komai ba. Ku sake ta."

"Yau za ta kwana a gida."

Ferreyra ya sa masa ankwa, ya kai shi mota. Saje, direbansa, ya tayar, suka hau titin da ke bin gefen dogo.

Da suka zo Mashigar Majema, an sauke shinge, suka tsaya jira. Ta madubi Insifekta ya ga Nicanor ya juya yana kallon taga, fuskarsa ta saki kamar wanda ya hango ɗan gida. Sai tsohon ya matsa can ƙarshen kujera a hankali, ya tattara rigarsa, ya bar wuri a gefensa.

"Saje," in ji Ferreyra, "in sun ɗaga, ka wuce. Kada ka waiwaya."