Goran Albarushin Nata'ala

A zamanin da mahara daga arewa suke addabar ƙasar Gwarzo, wata shekara bayan an yanke gero, aka naɗa Nata'ala Sarkin Bindigar Lakwaya. Wani madugu da ya kwana da ayarinsa a garin ne ya ba shi wata doguwar bindiga, ya nuna masa sirrinta su biyu, ya wuce Kano.

Ba a rufa wata ba mahara suka faɗo da hantsi. Aka tsayar da Nata'ala a ƙofar yamma. Ta nan suka shiga, suka kore shanu, shi kuma aka tsince shi cikin jini ya cika, bindigar tana kan ƙirjinsa. Da aka kai kayansa gaban mai gari, wani dattijo ya girgiza goran albarushinsa, ya ji shi cike taf.

"Ranka ya daɗe, ko ɗuri ɗaya bai yi ba. Buɗe musu ƙofa ya yi, suka saka masa da takobi."

Amo kuwa ya yi yawa a ranar, ba wanda ya iya shaidar ƙarar bindigarsa. Aka karɓe sarautar daga gidan, aka bar musu suna: Gora-Cike.

Da wannan suna Malam Datti, jikansa, ya tsufa. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, rayuwa ta yi tsanani, har ƙarfen garma ya gagari talaka. Sai Datti ya sauko da bindigar daga rufin ɗaki, ya naɗe ta a buhu, ya kai wa Balarabe maƙeri a Kabo, tsohon soja kuma abokin wasansa.

"A'a, Gora-Cike da kansa! Yau yaƙin za a rama?"

"Kai dai yanke min ita. Ta ci mutuncinmu, bari ta yi mana noma."

Balarabe ya ɗora ta a cinya yana dariya, sai dariyar ta tsaya. Ya shafa wani tudun tsatsa a gaban kunamar bindigar, ya ɗiga man gyaɗa, ya yi ta ƙwanƙwasawa a hankali.

"Malam Datti, ta ina kuke cewa ana ɗura wannan?"

"Ta baki mana. Ga ƙarfen ɗurinta nan a ƙarƙashi."

"Shi ya ruɗe ku. Da can ta baki ce, gaskiya. Daga baya Turawa suka yanke bayanta, suka yi mata ƙofa, aka bar ƙarfen don share ciki. Harsashi take ci, ba ruwanta da gora."

Ya danna wurin da ya ɗiga wa man, ƙofar ta buɗe gefe kamar murfin batta. A ciki ga kwanson harsashi na tagulla, ya kumbura ya maƙale, an sassare bakinsa. Balarabe ya zaro shi da awartaki, ya nuna ɗan lotsawar da ke gindinsa.

"Nan kunama ta buga. Ya harba, Malam. Kwanson ne ya ƙi fita. Waɗannan sare-saren kuwa, da wuƙa yake ƙoƙarin ciro shi suka cim masa."

Datti ya daɗe yana juya kwanson a tafin hannunsa. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa ce: "Allah Ya jiƙanka, Kaka. Mu ma mun zarge ka."

Ranar Juma'a ya kai bindigar da kwanson gaban dagaci da liman. Aka kira Balarabe ya maimaita bayaninsa a gaban jama'a. Liman ya ce wanda ya sake kiran sunan nan ya yi wa mamaci ƙarya, ya kuma shirya amsawa gobe ƙiyama. Sarautar ba ta dawo ba, don Lakwaya ba ta da ƙofar da za a tsare yanzu. Datti bai ma nema ba.

Haka mulki yake yanke hukunci da abin da idonsa ya saba gani. An girgiza gora an ji nauyi, ba wanda ya tambayi bindigar, ita kuwa ta riƙe shaidarta shekara ɗari da 'yan kai. A daminar nan Datti da garmar aro ya yi huɗa. Balarabe ne ya ba shi, kuma da ya zo kawowa, a ƙofar gida ya tsaya ya ɗaga murya: "Salamu alaikum, gidan Sarkin Bindiga!"