Ramin Kujerar Baba

Ranar Laraba ce, ana yayyafi tun safe, budurwata Tela ta shigo garejinmu ta same ni ina ciro kujerun tsohuwar motar Baba.

"Ɗan Gaggawa, ka gaya wa Umma kuwa?"

"Sai na gama motar."

"Ƙarshen wata za mu tashi daga garin nan fa. Yaya ya ajiye maka gurbi a shagonsa na can. Abba ya ce in ka kama aikin, maganar aurenmu ta zauna."

"Ke dai ɗinka min fatar nan, sanyin idona. Hannuna bai iya miƙaƙƙen layi ba."

"Yaushe ka taɓa zama wuri ɗaya, balle layi ya miƙe?"

Gaskiyarta. Daga aji uku na gudo daga makaranta. Na yi faci, na yi walda, babu inda na shekara.

Baba direba ne a da. Motar ta girme ni, ta daina tashi tun ina yaro. Da ciwon mantuwa ya kama shi, ya koma kiran Umma "baiwar Allah", ni kuma ya tambaye ni ɗan waye. Amma duk la'asar in aka zaunar da shi a kujerar direba ya dafa sitiyari, sai ya dawo mana. Ya kalli madubi ya ce, "Auta, sauke ƙafarka daga kujera."

Da Umma ta kai shi ganin likita garin da yayata ke aure, sai na ga dama ta samu. In mayar masa da cikin motar sabo fil, in tafi ba tare da nauyi a zuciya ba.

Na yage fatar da ta tsattsage. Na cire soson da ya lotsa daidai jikinsa. Sitiyarin da tafinsa ya cinye, na naɗe shi. Kafet, rufi, komai na sake. Mai shara ya kwashe tsofaffin. Tela ta zauna kan kekenta tana ɗinki tana min waƙar tsokana.

Ranar da suka dawo, Umma ta leƙa ciki ta dafe baki. Na ɗauka murna ce.

Baba ya zauna. Ya muskuta, ya sake muskutawa, yana neman raminsa. Ya shinshina, warin gam kawai. Ya janye hannunsa daga sitiyari.

"Motar mutane ce wannan. Ku fitar da ni kafin mai ita ya zo."

"Baba, taka ce... ni ne Auta."

"Yaro, ɗan waye kai?"

Na ruga bola da gudu. An riga an cinna wuta.

Tun daga ranar, da la'asar ta yi sai ya fice titi neman motarsa. Gwiwoyin Umma ba sa iya bin sa. Ni nake bin sa a baya, lungu lungu, har ya gaji in riƙo shi mu dawo.

Ana gobe za su tashi, Tela ta zo ta zauna a kujerar gaba, ni ina ta direba. Ta ja ƙofa ta rufe.

"Zan jira ka."

"Jiran me, Tela?"

"Har sai..."

"Faɗi mana. Ranar da za ki jira, kullum roƙona kada ta zo."

Ta bi ɗinkinta da yatsa, hawaye na ɗiga a kan sabuwar fata.

"Layin dai ya miƙe," in ji ta. "Kai ma ga shi ka zauna."

Ta buɗe ƙofa ta fita. Ban bi ta ba, la'asar ta kusa.

Abin da na rasa ba shi da wuyar ƙirga. Tsohuwar fata, soso mai rami, aiki a shagon yayanta, Tela. Sai mutumin da ke kallon madubi ya ce min Auta.