Kofi Ɗaya Na Rumman

Babban laifi ne ka dubi mutum ka riƙa ganin wani a fuskarsa. Ku saurara ku ji yadda Talal ya ƙare.

Jawahir da Wafa tagwaye ne, 'yan unguwar Utaibiyya a Makka. Tun suna goye mahaifiyarsu Hajiya Khadijatu ba ta taɓa sayen abu ɗaya ba. Abaya biyu, takalmi biyu, komai iri ɗaya. Saura kaɗan auren Wafa da Talal, ɗan yayar Hajiya, zazzaɓi ya kwantar da Wafa, Allah ya karɓi abarsa.

Tun daga nan Jawahir ba kuka, ba dariya. Ci take kamar an sa ta dole.

Kullum da yamma takan tsaya shagon lemo a unguwar Rusaifa ta ce, "Mangwaro, kofi biyu." Ta sha ɗaya, ta bar ɗaya a tebur. Nu'uman, mutumin Maraɗi da ke aiki a shagon, ya daɗe yana lura. Ran nan sai ya miƙo mata kofi ɗaya.

"Biyu na ce."

"Na ji, baiwar Allah. Amma mangwaron nan kamar magani kike shan sa. Ke me kike so?"

Ta yi tsaye. Ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba.

"Wafa ce mai son mangwaro," in ji ta. "Ni rumman."

Daga nan Nu'uman ya fara turo mata saƙo a waya. "Rummanata, yau kin ci abinci ko kin kalle shi?" Ta amsa, "Na ci rabi." Ya ce, "Alhamdu lillahi, jiya kwata ne."

Da maganar neman aurenta ta isa gida, Hajiya ta daka tsalle. "Baƙo mai zama da takardar iƙama? Gobe ya tafi da ke Nijar, in rasa ku duka biyun? Ga Talal, ya ce zai riƙe ki."

Jawahir ta ce, "To, Ummi." Ba ta ji komai ba. Nu'uman ya ji labari ya aiko: "An ce an ba da ke. Allah ya sa alheri." Ta karanta, ta kife wayar.

Ranar sa rana Talal ya zo da zobe. Hajiya ta juya shi a hannu, sai ga sunan Wafa rubuce a ciki.

"Talal, ba ka canza ba?"

Ya yi dariya. "Haba Khala, ai duk ɗaya ne. Fuska ɗaya, yatsa ɗaya. Wafa, miƙo hannunki."

Jawahir ta dube shi.

"Wafa tana maƙabarta. Ni ce Jawahir."

Sai kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza ya ɓalle. Hajiya ta rungume ta. "Na binne ɗaya, na so in binne ta biyu da ranta. Ɗauki zobenka, Talal."

Hajiya da kanta ta shiga wajen babansu, aka aika wa Nu'uman.

Ranar ɗaurin aure ya ce mata a hankali, "Rummanata, kofi nawa?"

Ta yi murmushi. "Biyu. Ɗaya naka." Aka yi ta sa albarka, Allah ya ba su zaman lafiya.

Talal kuwa, Wafa Allah ne ya ɗauke ta, wannan ba laifinsa ba ne. Amma Jawahir da bakinsa ya kore ta. Ya rasa mata, ya rasa gidan da yake shiga ba a tambayi ko wane ne ba, ya koma gidansu da zoben da babu yatsan da zai shiga.