Tulin Duwatsun Sindre

Sindre yaro ne mai tambayar tsiya. In ya fara "me ya sa", sai ka gaji ka bar masa wurin.

Wata Lahadi aka yarda ya bi kakarsa hawan babban tsaunin da ke bayan ƙauyensu a Norway. Bai taɓa zuwa can sama ba.

Suka wuce tafki na farko. Tumaki na kiwo, ƙararrawar wuyansu na kaɗawa. Da bishiyoyi suka ƙare, sai ya fara ganin tulin duwatsu jefi-jefi. Kowane tuli da jan fenti a jikinsa.

"Kaka, wa ya tara waɗannan? Me ya sa?"

"Kai, maigida, ka bar ni in ji da numfashina!" in ji Kaka. "In mun kai sama na faɗa maka."

Amma Sindre da haƙuri ba su taɓa shiri ba. Da Kaka ta zauna shan kofi, sai ya sulale ya koma wajen wani tuli. Me aka ɓoye a ƙarƙashinsa? Ya sauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ba komai sai tururuwa.

Maimakon ya mayar da su, sai ya kwashe su zuwa gefe, inda ake hango tafki can ƙasa. Ya gina nasa tulin, ya ɗora ɓawon lemo a kai. Ya ji daɗi ƙwarai.

Suka kai ƙoli, suka ci burodi da cuku. Suna cikin saukowa, gajimare ya rufe tsaunin ruf. Ko hanya ba a gani.

"Ga amsar tambayarka," in ji Kaka. "Duwatsun nan su ne idon matafiyi. Daga wannan tuli sai wancan, har gida. Riƙe rigata."

Sindre ya riƙe rigarta. Suka bi tuli, suka bi wani. Can sai Kaka ta karkata hagu. A kan tulin da ta nufa, ga ɓawon lemo. Bayansa kuwa Sindre ya san abin da ke nan: gangare ne miƙe har cikin tafki.

Tsoron kada Kaka ta yi masa faɗa ya kama shi. Amma tsoron rasa Kaka ya fi.

"Kaka, tsaya! Wannan ba na hanya ba ne. Ni na gina shi."

Kaka ta tsaya cak. Ta jefa tsakuwa gabanta. Sai da aka jima suka ji faɗuwarta cikin ruwa.

Kaka ta juyo wurinsa. Sannan ta ce, "Ina ka ɗebo su?"

Ya nuna mata wurin. Suka yi ta jigilar duwatsun, hannuwansu na daskarewa, har tulin ya koma mazauninsa. Sindre ne ya ɗora mai jan fentin.

"Ka yi ɓarna, amma ka yi magana a kan lokaci," in ji Kaka. "Ni ma da laifina, da na amsa maka tun farko. Tambaya ba laifi ba ce. Sai dai abin da ba ka san amfaninsa ba, kada ka taɓa shi sai ka ji amsa."

Da suka iso tafkin farko, rana ta fito. Sindre ya dubi tumakin.

"Kaka, me ya sa ake ɗaura musu ƙararrawa?"

Kaka ta yi dariya. Wannan karon, nan take ta faɗa masa.