Saura Ɗalibai Biyu

Ruben, mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari, ya so tashi tun magariba, amma kwamfutar da Filomina ta kawo ta hana shi sakat. Ta marigayi mijinta ce, Malam Boaz, kuma gobe makarantar da yake koyarwa ke son makin jarrabawar da ke ciki.

Sai zafi take yi, fankarta na huci, linzamin kwamfutar ya ƙi motsi. Da Ruben ya leƙa abubuwan da ke aiki a ɓoye, ya tarar shafin Boaz na nan a buɗe. Sau uku yana kashe shi, sau uku yana dawowa.

"Yau ni da kai ne," in ji Ruben, ya kai hannu zai cire batir.

Sai warin alli da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon. Ƙofa kuwa da hannunsa ya sa mata sakata.

"Oga Ruben," wata murya ta ce dab da kunnensa, ba numfashi a cikinta, "yi haƙuri. Saura ɗalibai biyu."

A fuskar kwamfutar, gaban sunan wata ɗaliba Vera, maki sittin da huɗu ya fito da kansa.