Tagar Iya

"A mayar musu da kayansu," Iya ta ce, ko kallon Sadiya ba ta yi ba. "Jikata ba za ta auri wanda ya toshe mini taga ba."



Gidansu da na su Mu'az maƙwabta ne a Zangon Agege da ke Legas tun zamanin da kakanni suka zo fataucin goro. Yanzu Mu'az yana gina ɗakin amarya a filin da ke tsakani, kuma bulo yana hawa, ɗakin Iya yana duhu. Tsohuwar ta daɗe ba ta iya takawa, ta wannan tagar take gaisawa da duk unguwa.

Sadiya ta yafa mayafi ta sami Mu'az wurin magina.

"Haba abar ƙaunata, Iya rigima take ji," ya ce. "Filin Baba ne fa. Zan saya mata fanka."

"Fankar ce za ta riƙa yi mata ina kwana?"



Shi dai Mu'az ya yi zaman birnin Busan a Koriya yana harkar kayan mota, kuma tun da ya dawo, ko zancen kunu ake yi sai ya sako Koriya, har ƙawayenta na ce masa Oga Busan. Ta sha labaran nan har ta haddace, yau kuwa za su yi mata rana.

"Sake ba ni labarin unguwar nan ta kan tudu."

"Gamcheon? Yanzu?"

"Yanzu."

"To... 'yan gudun hijira ne, lokacin yaƙinsu. Sun zo ba su da ko tabarma, suka kafa bukkoki a jikin tudu, hawa-hawa. Kowa ya yi gininsa yadda ba zai tare wa na bayansa..."

Sai ya tsaya.

"Ƙarasa mana, masoyi."

"...haske ba."

"Waɗanda yaƙi ya koro ke nan. Ina ga mu da lafiya ta kawo?"

Ya daɗe yana kallon bangon. "Sadiya, in na rushe, ba mu da ɗaki. Sai haya, can unguwar Abule Egba."

Wallahi ta so ɗakin nan, har labule ta zaɓa. Hawaye suka cika mata ido.

"Kai nake so, ba ɗaki ba. Rushe."

Mahaifinsa, Alhaji Hadi, ya yi faɗa kamar zai ari baki, wai an tura yaro neman arziki ya koyo rushe gini. Mu'az ya durƙusa yana ba shi haƙuri har ya sauko.

Da aka sauke bulon ƙarshe, Iya ta leƙo tana ƙifta ido.

"Kai, ɗan Koriya, matso."

Ya matsa, Sadiya na bayan labule tana addu'a.

"Ka share filin nan da kyau," Iya ta ce. "A nan za a ɗaura. Ina so in ji fatihar da kunnena."