Filtar da Ba a Rubuta wa Kwanan Wata Ba

Ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a aka buga wa 'yan sanda waya daga wani ƙauye na bakin tafki a yankin Dalarna. Majvor Bergdahl ta dawo daga cefane ta tarar da mijinta Folke, mai shekara saba'in da ɗaya, a kife cikin bahon ruwan zafin da ke bayan gida, babu rai.

Kafin Sufeto Ylva Norrgren ta iso, Majvor ta gama yanke hukunci. Laifin Tuva Hedlund ne, mai kula musu da bahon: ta bar filta, wato matatar ruwan bahon, ta toshe, inji ya rikice, ruwa ya yi zafi har tsoho ya suma. Maƙwabta duk sun yarda, har waɗanda ba su taɓa leƙa bahon ba.

Aka kira Tuva, mace mai shekara hamsin da 'yan kai, ta zo. Sufeto ta sa ta ciro filtar. Tuva ta juya ta a hannu sau biyu.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Filta ai filta ce."

"A wurinki ba. Ni duk wadda na saka sai na rubuta kwanan wata a murfinta. Tawa ta yi wata biyar a ciki, ranar Talata ma na wanke ta da tiyo, ninki bayan ninki. Wannan kuwa fes take, yau aka ɓare ta."

A rumfar kaya suka sami kwalin filtar ajiya, babu komai a ciki. Tsohuwar kuma an neme ta an rasa.

Washegari rahoton likita ya fito. Ba zafi ne ya kashe Folke ba, danne shi aka yi, ga shatin yatsu a kafaɗunsa. Magana ta tashi daga sakaci ta koma kisan kai, kuma Tuva ce mai makullin rumfa, ita ce ta san harkar filta. Aka tsare ta. Sufeto ba ta ji daɗin sa hannu a takardar ba, amma ta sa.

Daga nan ta ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsu, Sixten Wåhlin, tsohon mafarauci da ke zaune shi kaɗai. Ya ba ta kofi, ya ce rabonsa da taka gidan Folke tun farautar kaka, kuma bai ji komai ba. Haɓarsa a aske take ƙwal, da filasta a gefe.

"Me ya sami haɓarka?"

"Reza. Hannun tsoho ne."

Da ta faɗa wa Majvor cewa Sixten ya aske gemu, sai matar ta yi tsaki. Ta ce shekara arba'in ba wanda ya taɓa ganin haɓar Sixten, ko a ranar aurensa.

Aka zazzage kwandunan sharar gidajen biyu, ba a ga komai ba. Sai Sufeto ta tuna Asabar ce, ranar da ake buɗe wurin kai shara na ƙauyen, ta wuce can. Mai tsaron wurin, Elof, mutum ne da ke kallon kowace leda kamar jami'in kwastan.

"Filta? Sixten ya kawo da safe. Ya tsaya yana tambayata wai a ina ake sa ta, cikin robobi ko cikin na ƙonawa. Na ce masa, kai da ko baho ba ka da shi, ina ka samo ta?"

Elof ya shiga da ƙugiya ya zaƙulo ta. Ga kwanan wata da rubutun Tuva a murfi. A cikin ninkin kuma gashin gemu ne jingim, ja da furfura, wasu har da saiwarsu.

Sixten bai yi gardama ba da aka ajiye ta a gabansa a ofis. Ya ce a farautar kaka Folke ya harbe masa kare bisa kuskure, bai taɓa cewa yi haƙuri ba. Ranar Juma'a ya leƙa ta shinge, Folke yana jiƙe a ruwa ya tambaye shi ko ya sami wanda zai riƙa yi masa haushi. Sixten ya tsallaka, ya danne shi cikin ruwa. Folke ya damƙi gemunsa yana fizga har ƙarfinsa ya ƙare. Da komai ya lafa, sai ya ga gashinsa yana yawo a ruwa, filta tana zuƙewa. Ya cire ta, ya buɗe rumfa da makullin Folke ya saka ta ajiya, ya koma gida ya aske gemun.

"Me ya hana ka jefa ta a tafki?" in ji Sufeto.

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Roba a tafkin da muke kamun kifi?"

"Ka san an tsare Tuva?"

"Na ji."

"Da ka bar ta ta tafi kurkuku?"

A daidai lokacin aka fito da Tuva, tana tsaye a bakin ƙofa da jakarta a hannu. Ita da Sixten sun san juna tun tana yarinya.

"Da na bar ta," ya ce.

Tuva ta matsa gefe ta ba su hanya, aka wuce da shi.